Yadda makahon kare ya zaga da ni garin Whitby

Whitby ƙaramin gari ne a gaɓar Tekun Arewa, cikin yankin Yorkshire na ƙasar Ingila, daidai inda Kogin Esk ke shiga teku. Mazaunansa ba su fi dubu 13 da 'yan kai ba. Wanda ya taso daga Landan zai hau jirgin ƙasa zuwa York, tafiyar awa biyu, daga nan ya shiga bas ta ratsa da shi ta kan wasu tuddai da babu komai a kansu sai tumaki da gajerun ciyayi. Can sai motar ta fara gangara, teku ya bayyana, ga jajayen rufin gidaje sun hau kan juna a jikin tudu biyu.

Kogin ya raba garin gida biyu. Abin da ya haɗa su wata gada ce da aka buɗe a 1909, wadda ke juyawa gefe ta ba jiragen ruwa hanya. A ɓangaren yamma akwai otal-otal da mutum-mutumin Kyaftin James Cook, wanda ya zo garin yana saurayi a 1746 ya koyi aikin jirgi, daga baya ya isa gabashin Ostareliya a 1770 cikin jirgin da aka ƙera a nan. Ɓangaren gabas shi ne tsohon gari. Titunansa shimfiɗar duwatsu ce, lungunansa kuwa matsattsu ne kamar na cikin birnin Zariya, wasu ma mutum biyu ba sa iya giftawa sai ɗaya ya karkace. A can ƙolin tudu akwai kufan wani tsohon gidan ibadar Kirista da aka fara kafawa a shekarar 657, kuma sai an taka matakala 199 kafin a kai gare shi.

Dubban baƙi na zuwa nan yawon buɗe ido duk shekara. Ni kuwa da aikin jinya ya kawo ni, na shekara guda ban san komai ba sai hanyar gidan kula da tsofaffin da nake aiki da hanyar kantin sayen abinci. Wanda ya nuna mini garin daga ƙarshe ba shi da ido.

Maƙwabciyata ce ke da shi. Tsohuwa ce ta haura tamanin, mijinta masunci ne ya rasu tuntuni, ɗanta ɗaya kuma yana Kanada. Al'adarsu ce a kira kowa da sunansa tsirara, amma bakina ya kasa, sai na riƙa ce mata Mama, ita ma ta karɓa. Karen nata irin wanda ake kira Yorkshire terrier ne, bai fi mage girma ba, nauyinsa kilo 3. Asalinsu ma'aikatan masaƙu ne suka riƙa kiwonsu a ƙarni na 19 don kama ɓeraye. Wani bincike da kwalejin likitocin dabbobi ta Royal da ke Landan ta fitar a 2022 ya nuna cewa irinsu kan yi shekara 12 da rabi a matsakaici. Wannan ya kai 14, idanunsa biyu sun yi fari fat da yana. Ni dai Dattijo nake ce masa.

A farkon watan Oktoba Mama ta zame a ɗakin girki ta karya ƙashin kwatangwalo. Ina cikin waɗanda suka fara shiga. Ma'aikatan motar asibiti sun gama shiri, ita kuwa ta riƙe ƙafar tebur ta ce ba inda za ta sai ta san wa zai riƙe shi. Ta san abin da ke jiransa. A ƙasar nan ba a sakin kare ya nemi na kansa a titi. Dokar jin daɗin dabbobi ta 2006 ta ɗora wa mai dabba alhakin cinta da lafiyarta. Idan babu mai kula, sai a kai shi gidan ajiyar karnuka. Tsoho makaho mai firgita kuwa, da wuya wani ya ɗauke shi, kuma sau da yawa shawarar da ake yankewa ita ce a yi masa allurar da zai mutu ba tare da jin zafi ba. Ta dube ni ta ce, "'Yata, kada ki bari su fitar da shi daga gidan nan. Bai san ko'ina ba." Na ce, "Mama, ki tafi a gyara miki ƙafa. Makulli yana hannuna."

Na san abin da wasunku za su ce, domin ni ma na faɗa wa kaina. Inda na tashi, kare na gadi ne ko na farauta, wurinsa waje, sunansa ma zagi ne. A daren na kira wani malaminmu a gida na tambaye shi. Ya ce a mazhabar Malikiyya duk dabba mai rai tsarkakakkiya ce, har kare. Maganar da malamai ke yi a kan ajiye shi ne a gida don sha'awa kawai. Ya tuna mini da hadisin mutumin da aka gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Ya ce amana na karɓa, in riƙe ta. Sai na ware riga guda da takalmi don wannan aikin, Dattijo kuma ya zauna a gidansu. Wata ƙungiyar agaji mai suna Cinnamon Trust, wadda aka kafa a 1985 don taimaka wa tsofaffi da dabbobinsu, ta turo wata malamar makaranta mai ritaya tana karɓata duk ranar da nake aiki. Hannu ɗaya ba ya ɗaukar jinka.

Abu na farko da na yi shi ne kai shi wurin likitan dabbobi, domin a aikinmu ba a cewa tsoho ya rikice sai an tabbatar ba ciwo ne ke damunsa ba. Likitar ta auna ƙarfin ruwan idonsa don ta cire zargin hawan jinin ido, wanda ke da zafi ƙwarai. Ta gwada jininsa saboda ciwon suga, domin yawancin karnukan da ke da shi yana kan rufe musu ido cikin ɗan lokaci. Duk babu. Abin da ta samu shi ne ciwon gaɓɓai a ƙafafun baya da alamun gigin tsufa, wanda karnuka ma ke yi kamar mutane. Ana iya cire wa kare yana, amma kuɗin fam dubbai ne, kuma zuciyarsa ba za ta ɗauki maganin sa barcin tiyata ba. Ta ba shi maganin zafi irin nasu, ta kuma ja kunnena, ko da yake ta san aikina, cewa kada a ba kare maganin mutane. Ibuprofen kaɗai na iya lalata masa ciki da ƙoda. Cakulan, inabi da albasa ma guba ne a gare shi.

Kwana biyu ina zaune ina kallonsa kafin na gane yadda yake tafiya a gidan. Daga shimfiɗarsa yakan bi gefen kujera da kafaɗarsa har ƙarshenta. Idan ƙafarsa ta taka ƙaramin kafet mai gashi, ya san ya zo ƙofar ɗakin girki. Idan ta taka leda mai sanyi, ya shiga. Ƙugin firiji yana hagunsa, kwanon ruwansa yana gaba da shi kaɗan. Gidan gaba ɗaya a rubuce yake a tafin ƙafarsa da kunnensa da hancinsa. Don haka na kafa wa kaina da malamar doka: kujera ba ta motsi, kwano ba ya canza wuri, ba a ajiye jaka ko takalmi a hanya, kowace ƙofa kuma a bar ta a buɗe sosai ko a rufe ruf, domin ƙofa rabi da rabi ita ke fasa wa makaho goshi. Bakin matakalar bene muka sa ɗan shingen da ake sa wa yara. Ba mai taɓa shi sai ya yi magana tukuna, ya miƙa masa hannu ya shinshina. Na ɗaura 'yar ƙararrawa a takalmina don ya san inda nake.

Da rana lafiya lau. Matsalar daga la'asar sakaliya take farawa. Sai ya tashi ya yi ta zagaye, ya shiga kusurwa ya tsaya ya kasa juyowa, jikinsa na karkarwa, yana wani siririn kuka. Duk ma'aikaciyar jinyar da ta yi aiki da masu gigin tsufa ta san wannan lokacin; da rana ta yi sanyi hankalinsu ke tashi, su fara neman gida alhali suna cikinsa. A Whitby kuwa duhu na saurin shigowa. Ana mayar da agogo baya da awa ɗaya a Lahadin ƙarshe ta Oktoba, zuwa Disamba rana na faɗuwa kafin ƙarfe huɗu. Abin da ya yi mana amfani ba wani abu ne mai tsada ba. Na ɗauko rigar sanyin Mama da ba a wanke ba na shimfiɗa masa. Na riƙa kunna rediyo a tashar da ta saba ji, a ƙarar da ta saba. Abinci ƙarfe biyar daidai, ba a wuce ba a gaza. Idan ya fara zagayen ba na ɗaga shi sama, domin wanda ba ya gani, in ƙafarsa ta bar ƙasa ya rasa inda yake. Zama nake yi a ƙasa in yi ta magana a hankali, da Hausa ma, har ya biyo muryar ya jingina da gwiwata.

Fita kuwa da sassafe muke yi, kafin motocin kaya su shigo, kuma hanya ɗaya muke bi kullum. Igiyar a ƙirjinsa take, ba a wuya ba, an rubuta a jikinta cewa makaho ne don masu wucewa su ba shi hanya. A gida mun san ɗan jagora da ke riƙe wa makaho sanda. Ni ce 'yar jagorar, sai dai shi ke zaɓen inda za a tsaya. Kalma uku Mama ta koya masa: ɗaya ta hawa, ɗaya ta sauka, ɗaya ta tsayawa. Da su muke fitowa daga lungu mu shiga Titin Church.

A nan na fara sanin garin. Hancin kare na da ɗaruruwan miliyoyin ƙwayoyin jin wari, na mutum kuwa 'yan miliyoyi ne kawai, don haka duk inda ya ja ya tsaya, ni ma sai in tsaya in shaƙa. Ashe kowane taku ashirin warinsa daban. Akwai bayan gidan burodi, inda ɗumi ke fitowa ta ƙasan ƙofa. Akwai ginshiƙan tsohon zauren gari na 1788, inda kowane karen unguwa ke barin saƙonsa, shi kuma ya tsaya ya karanta kamar mai duba jarida. Akwai bakin wani lungu da ke gangarawa kogi, wanda ke kawo warin laka da ciyawar teku in ruwa ya janye, in ya cika kuma sai gishiri da man jirgi. Sau biyu a yini teku ke cika ya janye, kuma na kai ga ina sanin halin da yake ciki tun ban gan shi ba. Daga ƙarshen titin sai mu shiga Titin Henrietta, inda wani ɗan shago mai suna Fortune's ke yin bandar kifi da hayaƙin itace tun 1872. Ranar da na fara jin hayaƙin na tsaya cak, domin ƙamshin layin masu kifi banda ne na kasuwarmu, ba ragi. Nan ne iyakarmu. Dattijo yakan ɗaga hanci ya yi jim, sannan ya juya da kansa.

Matakala 199 ɗin ba mu taɓa hawa ba. Mukan wuce gindinsu mu gangara wani ɗan fili mai rairayi da ake kira Tate Hill, wanda ake barin karnuka su shiga duk shekara, alhali wani sashe na babbar gaɓar yamma an hana su daga Mayu zuwa Satumba. A littafin Dracula na Bram Stoker, wanda ya fito a 1897, a wannan gaɓar ne jirgi ya kafe wani ƙaton kare ya diro ya haye tudu, kuma har yau wannan labarin na kawo wa garin baƙi. Nawa karen bai kai ƙafar wancan ba. Amma idan ruwa ya janye, rairayi ya shimfiɗu babu kujera babu bango, sai in sake masa doguwar igiya. A nan kaɗai yake gudu. Gudun bai wuce taku goma sha ba, kunnuwa a baya, baki a buɗe, sai ya tsaya ya saurari ƙararrawata ya dawo. Ban taɓa ganin ya yi karkarwar yamma sosai ba a ranar da ya samu wannan gudun.

Makonni biyu ne suka fi ba mu wuya. Tun 1994 ake yin wani taro, yanzu sau biyu a shekara, na masu son baƙaƙen kaya da kiɗan da ke tafiya da su, kuma na kaka yakan faɗo ƙarshen Oktoba ko farkon Nuwamba. Titin Church kan cika maƙil, ƙafafu da turaruka su shafe duk alamun da ya sani. Kwanakin nan ba mu wuce bakin lungu ba. Yana wucewa sai daren 5 ga Nuwamba, wanda ake kunna wuta da harba tartsatsi a sama don tunawa da yunƙurin tarwatsa majalisar dokoki da aka daƙile a 1605. Mai ido ya ga haske ya san ƙara na tafe. Makaho sai dai ya ji duniya ta fashe. Likitar ta ba mu maganin kwantar da hankali tun da wuri. Na fitar da shi kafin magariba, na rufe tagogi da labule, na lulluɓe tebur da bargo ya zama masa ɗan kogo, na ƙara ƙarar rediyo. Na kwana zaune a ƙasa, hannuna a kan bayansa. Ya yi karkarwa, amma bai yi fitsari a zaune ba, bai kuma ƙi abinci da safe ba.

A can asibiti kuwa Mama ma abin ya same ta. Tsofaffi da yawa kan rikice bayan tiyatar kwatangwalo: baƙon ɗaki, baƙin muryoyi, fitilar da ba ta mutuwa, ga zafi ga magunguna. Na je na tarar ba ta san ranar da ake ciki ba. Na kai mata tabaranta, da agogon gefen gadonta, da bargonta. Na kunna mata muryar Dattijo yana haushin neman abinci da na ɗauka a waya. Ta yi shiru, sannan ta ce, "Ƙarfe biyar ta yi ke nan." Daga nan hira ta dawo daidai.

Da aka fara maganar sallama sai wata sabuwa ta taso. Ma'aikaciyar da ke duba gida kafin tsoho ya koma ta zo ta zaga, ta ce dole a kwashe ƙananan kafet duka domin su ke kayar da tsofaffi, a matsar da kujera don ƙarfen dafawa ya samu hanya, a sauko da gado falo. Gaskiya ta faɗa. Ni ma abin da zan faɗa ke nan a gidan wani. Amma abin da za a kwashe shi ne taswirar Dattijo. Lafiyar ɗaya ta zama makantar ɗaya karo na biyu, kuma in ya rikice ya riƙa shiga tsakanin ƙafafunta, ita ce za ta sake faɗuwa.

Muna da mako uku, sai muka raba aikin. Abu ɗaya muke canzawa duk bayan kwana uku. A wurin kowane kafet muka manna siririyar shimfiɗar roba mai kaushi, wadda ba ta da bakin da zai kama ƙafa, amma tafinsa na jin bambancinta. Kujera kuwa kaɗan-kaɗan muka riƙa matsar da ita, faɗin tafin hannu a yini. Bayan kowane canji sai in sa masa igiya mu zaga gidan sau uku, daga shimfiɗa zuwa ruwa, daga ruwa zuwa ƙofa. Kwanon ruwa da shimfiɗarsa ba mu taɓa su ba. Na aro ƙarfen dafawar tun kafin ta dawo, na ɗaura masa ƙararrawa, na riƙa yawo da shi a falo har ya koyi kaucewa in ya ji shi. Sannu ba ta hana zuwa.

Mama ta dawo bayan mako bakwai. Yana kwance bai motsa ba da aka buɗe ƙofa, domin warin asibiti ne ya fara shigowa. Sai da ta zauna ta sauke hannu ta kira shi. Ya tashi, ya bi gefen kujera, ya taka robar, ya isa ga hannun ya daɗe yana shinshinawa. Daga nan ya kwanta a kan ƙafarta. A daren bai yi zagayen yamma ba.

Kafin wannan nakan yi mamakin yadda Turawa ke kashe kuɗi da hawaye a kan kare. Yanzu na ga abin da ke ƙarƙashi. A garuruwa irin Whitby matasa na tafiya neman aiki, tsofaffi su zauna su kaɗai a gidajen da ba a jin motsin kowa. Wannan ɗan abin mai kilo 3 shi ke tayar da Mama da safe, shi ke sa ta dafa abinci, shi ne dalilin da ya sa ta jure wa masu gashin ƙashi ta koyi tafiya. Mu a gida Allah ya rufa mana asiri da jikoki da surukai da masu shigowa gaisuwa.

Amma cikar gida ma tana da nata. Tsohuwar da idonta ya fara rufewa a gidanmu na Hausa, kowa na sonta, kowa kuma na gusar mata da kaya. Yarinya ta yi shara ta mayar da buta wani lungu. An yi biki an canza mata ɗaki. An bar turmi a tsakar gida. An kama hannunta an ja ba a yi sallama ba. In ta fara faɗa ko ta ƙi fitowa sai a ce rikicin tsufa ne, alhali tsoro ne. A fara kai ta a duba idon, domin yanar ido a mutum aiki ne na ɗan lokaci, ana yin sa a Cibiyar Ido ta Ƙasa da ke Kaduna da asibitocin ido na Kano, kuma a guji masu tura yana da tsinke a gargajiyance. In kuma idon ba zai dawo ba, a bar mata duniyarta yadda ta haddace ta. A faɗi suna kafin a taɓa ta. A gaya mata in an canza wani abu, a zaga da ita ta taɓa da hannunta. Butarta kuma, inda ta ajiye ta jiya, nan za ta neme ta da asuba.